Amsa kan nutso zuwa jirgin kayan yaƙin da ke kwance a Bahar Maliya

Wani ƙanena ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda fataucin abaya da jallabiya ke kai shi Alkahira sau biyu ko uku a shekara, ya turo mini wani bidiyo da ya gani a Facebook, inda wasu mutane goye da tukwanen iska suke yawo a cikin wani tsohon jirgin ruwa a ƙarƙashin teku, suna haska babura da manyan motoci da tocila, kifaye kuma suna shiga ta tagogin motocin suna fita. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ko haɗin kwamfuta, da abin da mutum zai tarar idan ya sauka, sannan ko shi da ya iya ninkaya tun yana yaro a kogin Challawa da madatsar Tiga zai iya ratsewa ya gane wa idonsa a tafiyarsa ta gaba. Da yake na yi shekaru ina aikin nutso kafin na dawo gida Kano, kuma na sauka kan wannan jirgin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ga ya fi kyau na amsa masa a rubuce domin wasu ma su amfana.

Ƙanena, abin da ka gani gaskiya ne. Sunan jirgin Thistlegorm, na Birtaniya ne, an ƙera shi a Sunderland a 1940, tsawonsa ya haura mita 125, kuma jirgin dakon kaya ne wanda aka ɗora wa bindigogi a bayansa domin kare kai. Ya tashi daga Glasgow a farkon watan Yunin 1941 da kayan da sojojin Birtaniya ke jira a Masar, amma saboda jiragen Jamus da Italiya sun hana sakat a Bahar Rum, sai da ya zagaye Afirka gaba ɗaya, ya bi ta Cape Town, sannan ya hauro Bahar Maliya da nufin ratsa mashigin Suwez zuwa Iskandariya. Wannan toshewar hanya ta shafi garinmu kai tsaye, domin ita ce ta sa a waɗancan shekarun ake harhaɗa jiragen sama na yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a taso da su ta Legas su sauka a Kano, su wuce Maiduguri da Khartum har Alkahira. Ashe filin jirginmu da wannan jirgin ruwa fagen daga ɗaya suke yi wa dako, ɗaya ta sama, ɗaya ta ruwa.

Thistlegorm dai bai isa Iskandariya ba. Wani karo da jiragen ruwa suka yi ya tare mashigin Suwez, aka umarce shi ya jefa anga ya jira a wani wuri da ake ganin amintacce ne kusa da Sha'ab Ali, a bakin mashigar Gubal. A daren 6 ga Oktoban 1941 jiragen Jamus samfurin Heinkel da suka taso daga tsibirin Crete suna neman wani babban jirgin dakon sojoji, ba su same shi ba, a hanyar komawa suka hango wannan. Bama-bamai biyu suka faɗa rumbun kaya na huɗu, wanda nan ne aka jibge albarusai, fashewar ta kusa raba jirgin biyu, ta kuma yi jifa da kawunan jirgin ƙasa guda biyu da aka ɗaure a samansa, ɗaya ya faɗa dama, ɗaya hagu. Mutum tara ne suka rasu, jirgin yaƙi Carlisle ya kwashe sauran. Jacques Cousteau, Bafaranshen da shi da Émile Gagnan suka ƙirƙiro na'urar shaƙar iska ta masu nutso a 1943, ya gano inda jirgin yake a tsakiyar shekarun 1950, ya ɗauko babur ɗaya da ƙararrawar jirgin da asusun ƙarfe na kyaftin, daga nan aka sake mantawa da shi har farkon shekarun 1990, lokacin da masu nutson yawon buɗe ido suka fara zuwa daga Sharm el-Sheikh da Hurghada.

Yanzu bari na zo kan tambayarka ta uku kafin ta biyu, domin ita ce wadda rai ke rataye a kanta. Iya ninkaya sharaɗi ne, kuma makarantun nutso za su sa ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 kafin su karɓe ka, amma daga nan amfanin gwanintarka ta Tiga ya kusa ƙarewa. Wani ɓangarenta ma sai an raba ka da shi. Duk yaron da ya koyi nutso a kogi ya saba ya cika ƙirji da iska ya riƙe, alhali dokar farko ta mai tukunya ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Dalili kuwa shi ne kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya, wato a mita 30, inda cikin jirgin ya zauna a kan yashi, matsin ya ninka na doron ƙasa sau huɗu. Iskar da ka shaƙa a can matsattsiya ce, idan ka riƙe ta ka taso sai ta kumbura, huhu kuwa ba ya jure wannan, 'yan mitoci kaɗan sun isa su yaga shi.

Mutanenmu kan ce wa tukunyar nan ta oksijin, amma iskar da muke shaƙa ce aka matse a ciki, kuma lissafinta ba shi da wuya. Tukunyar da aka fi bayarwa tana cin lita 12, ana cika ta zuwa ma'aunin matsi 200, wato lita 2,400 ke nan. Ana ware kashi ɗaya cikin huɗu a matsayin ajiyar da ba a taɓawa sai larura, saura 1,800. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa zai sha 80 a mita 30, ka ga ke nan ɗan abin da ya haura minti 20 gare shi, kuma wannan idan hankalinsa a kwance yake. Sabon shiga da zuciyarsa ke dukan uku-uku, yana kokawa da jan ruwa, yana iya shanye tukunyarsa cikin rabin wannan lokacin. Ni kaina a saukata ta farko abin da ya faru da ni ke nan: na tsaya a gaban farfelar jirgin na saki baki, na duba ma'aunin iskata na ga lambar sarai amma ƙwaƙwalwata ta ƙi fassara ta, har sai da jagoranmu ya kama hannuna ya duba da kansa ya yi mini alamar mu haura. Wannan shi ne mayen zurfi, wanda iskar nitrojin ke jawowa daga wajen mita 30, kuma yana washewa da zarar mutum ya ɗan taso, sai dai yakan zo wa mutum ne da jin daɗi, shi ya sa ake jin tsoronsa.

Nitrojin ɗin nan dai yana narkewa cikin jini da tsoka muddin kana ƙasa. Ka san gorar kunun aya da ta kwana a wuri mai zafi, idan ka buɗe ta a hankali sai ta yi tsaki ta lafa, idan kuwa ka fizge murfin sai ta yi maka wanka. Jikin mai nutso haka yake. Wanda ya taso da gaggawa kumfa ke tashi a jininsa, ta toshe gaɓoɓi ko laka ko ƙwaƙwalwa, ta kai ga shanyewar jiki ko mutuwa, maganinta kuma sai an sa mutum a ɗakin matsin iska irin wanda ke Sharm el-Sheikh. Saboda haka jadawalin da aka fi koyarwa ya ba da minti 20 kacal a mita 30, ana tasowa a hankali kamar mita 9 ko 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5, sannan bayan nutso fiye da ɗaya a jira aƙalla awa 18 kafin a hau jirgin sama. Ka riƙe wannan na ƙarshe da kyau, domin na san ɗabi'ar 'yan kasuwarmu ta gama sha'ani da yamma a kama jirgin Kano da daddare.

Takardar shaidar matakin farko, wadda ake samu cikin kwana uku zuwa huɗu, iyakarta mita 18. Mataki na biyu ne ke kai mutum mita 30, kuma masu kwale-kwalen kirki ba sa kai mutum Thistlegorm sai da shi, wasu ma sai sun ga littafin da kake rubuta kowane nutsonka a ciki sun tabbatar ka yi nutso da dama. Shawarata ita ce ka raba abin tafiya biyu ko uku: ka yi matakin farko a wannan zuwan, ka yi ta nutso a wurare marasa zurfi har rigar iska mai ɗaga ka da dalmar ƙugunka mai nutsar da kai su zama kamar jikinka, ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ka nutsewa ba ka tasowa, sannan ka nufi jirgin. Kafin komai kuma ka ga likita. Mai sikila ba ya nutso da tukunya, wannan kuwa magana ce da ta shafe mu ƙwarai a ƙasar Hausa, haka mai farfaɗiya, mai asma da mai ciwon zuciya kuma sai likitan da ya san harkar ya duba su. Kada ka sauka da mura, domin kunnen da ya toshe ba ya daidaita matsi, kuma ba na ba kowa shawarar nutso mai zurfi da azumi a baki, saboda ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin kumfar nan.

To, me za ka tarar? Daga Sharm el-Sheikh tafiyar awa uku zuwa huɗu ce, ana tashi tun kafin asuba, sallarka ma a kan kwale-kwale za ka yi ta. Ruwan wajen yakan ja da ƙarfi, don haka ba a faɗawa haka kawai, igiya ake bi hannu bayan hannu, wani lokaci jikinka na kaɗawa a gefe kamar tuta. Da farko ba ka ganin komai sai shuɗi, irin shuɗin rinin Ƙofar Mata idan an tsoma zane karo na biyu, yana ƙara duhu kana ƙara sauka. A wajen mita 15 sai wata inuwa ta fara haɗuwa a ƙarƙashinka, can sai ka gane dogayen ƙarafa ne da taragon dakon ruwa a kan bene. Jirgin a zaune yake daram kamar yana shirin tafiya, ban da ƙarshen bayansa da ya karye ya kishingiɗa ta hagu, bindigoginsa biyu na nan a kafe. Tsakanin nan da sauran jikin jirgin ne inda bom ya faɗa, kuma idan ka taɓa shiga lungun 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa to ka san kamanninsa: ƙarfe ya nannaɗe kamar tabarma, ƙananan motocin yaƙi masu sarƙa sun kife ciki sama, akwatunan harsasai a warwatse. Ɗan nesa kaɗan a kan yashi akwai ragowar kan jirgin ƙasa, wanda aka ɗauko domin layin dogon Masar, tukunyarsa da ƙafafunsa na gaba suna tsaye su kaɗai.

Nutso na biyu ne ake shiga rumbuna na ɗaya da na biyu, masu hawa bibbiyu. A nan motocin Bedford suke jere hanci da ƙeya, an loda babura samfurin BSA da Norton a bayan wasunsu, ga bindigogi da tsatsa ta manne su wuri guda, ga fukafukan jiragen sama, ga tulin takalman roba masu dogon wuya. Akwai wani babur da na daɗe a kansa. Sirdinsa ya ruɓe saura waya, tankinsa ya huje, amma zanen tayarsa na nan raɗau kamar yau aka fito da ita daga shago, domin roba ba ta tsatsa kuma tayar ba ta taɓa taka ƙasa ba. A ramin da fitilarsa take a da wani ɗan kifi da bai wuce yatsa ba ya yi gida, ya leƙo da kansa yana bin hasken tocilata da ido, in na matso ya koma, in na ja baya ya fito.

Halittun nan su ne abin da bidiyo ba ya iya nuna maka yadda ya kamata, kuma a ganina sun fi baburan. Ƙasan wajen yashi ne shimfiɗe, ƙananan halittun da ruwa ke yawo da su kuwa suna neman abu mai tauri da za su manne, saboda haka jirgin ya zame musu kamar tsauni a tsakiyar fako. Yauƙi da gansakuka ne suka fara kamawa, soson teku da kawa suka biyo baya, sannan murjani, wanda mu a nan muka sani a wuyan amare da sarakuna ba tare da yawancinmu sun san cewa dabba ce mai rai ba. Mai taushinsa ya fi yawa a jikin jirgin, yana yin reshe kamar ƙaramar bishiya, idan ruwa ya tsaya sai ya yanƙwane, idan ya fara ja sai ya kumbura ya buɗe domin kama abincin da ke wucewa. A zurfin nan za ka gan shi toka-toka, saboda ruwa yana shanye jan launi tun daga 'yan mitocin farko, amma da ka haska tocila sai ja da ruwan goro da ruwan hoda su tashi a gabanka. Ko jinin mutum, idan ya yanke a can, kore-kore yake fitowa.

Inda ƙanana suka taru manya na zuwa. A cikin rumbuna akwai dubban 'yan kifaye masu sheƙi kamar gilashi da ke juyawa tare, su buɗe maka hanya su rufe a bayanka. A bakin ƙofofi kifin zaki ke shawagi a hankali da fukafukansa a baje kamar mai taƙama da babbar riga, yana jiran su, ƙayoyin bayansa kuma dafi gare su. A sama da bene za ka ga ayarin wani kifi mai faɗi kamar faifai, wanda ba ya tsoron mutane, yakan ma raka masu nutso har kan igiya. Can gefe barakuda ce ke tsaye tana fuskantar jan ruwa, doguwa mai haƙora irin na tsage, wani lokaci kuma tuna da 'yan'uwanta mafarauta su keto cikin taron ƙananan kifaye kamar shaho a cikin 'yan tsaki, ka ji ƙarar watsewarsu a kunnenka. Akwai manyan kifaye masu kama da giwan ruwa da ke fakewa a ƙarƙashin taragai, akwai kuma wani mai siffar maciji, kaurinsa ya kai cinyar mutum, wanda ke zama a cikin bututu yana buɗe baki yana rufewa. Sabon zuwa yakan ɗauka barazana ce, alhali numfashi yake yi. Na taɓa ganin wani siririn kifi mai ratsin shuɗi da baƙi ya shiga har cikin bakin nan yana tsince masa ƙwari tsakanin haƙora, aikin da carki ke yi wa saniya, shi kuwa ya saki baki ya yi lamo har aka gama. Kunkurun teku ma yakan zo ya ci soso a jikin ƙarfen, ya yi kiwonsa bai damu da kowa ba.

Waɗanda ba ka gani su ne abin kiyayewa. Kifin kada yakan kwanta a kan bene, launinsa ya saje da tsatsa, ba ka gane shi sai idonsa ya motsa, shi dai ba ya cutarwa. Kifin kunama da kifin dutse kuwa dafi gare su, na biyun ma ana lissafa shi a kan gaba cikin kifaye masu dafi a duniya, kuma kamarsa ɗaya da dunƙulen ƙarfe mai gansakuka. Taimakon farko ga wanda ya soku shi ne a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a garzaya asibiti. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka dafa wani abu, ko da ba a yi maganar tsatsa mai kaifi da harsasan da ba su fashe ba. A cikin rumbu kuma ana kaɗa ƙafa ne a hankali irin na kwaɗo, domin laka ta kwanta a ko'ina, wanda ya tayar da ita ya makantar da kansa da na bayansa, kuma wuri ne mai rufi da ba a iya tasowa kai tsaye idan wani abu ya faru.

Akwai abin da ke damuna game da wurin, kuma ya kamata ka sani tun da kana son zama ɗaya daga cikin masu zuwa. Ɓarnar da baƙi suka yi wa jirgin daga shekarun 1990 zuwa yau a bayyane take. An cire sitiyarin motoci da fitilu da tambarin babura an tafi da su tsaraba. Kwale-kwale da yawa sun yi ta ɗaure igiyoyinsu a jikinsa, igiyar ruwa na fizgarsu har wasu sassan suka ɓalle. Ita kanta iskar da muke fitarwa tana taruwa a rufin rumbuna, idan ka ɗaga kai za ka gan ta tana ƙyalli kamar madubi, tana kuma gaggauta tsatsa. A ƙarshen 2007 ƙungiyar kare muhalli ta HEPCA da ke Hurghada ta kafa wuraren ɗaure kwale-kwale a kewayen jirgin, ta kuma huda ƙananan ramuka domin iskar ta riƙa fita, amma matsalar ɗaure igiya a jikinsa ba ta ƙare ba. Idan za ka zaɓi masu kai ka, ka tambaye su inda suke ɗaurewa da yawan mutanen da jagora ɗaya ke riƙewa, amsar da suka ba ka za ta nuna maka irin mutanen da za ka damƙa wa ranka. Ka kuma tuna mutum tara sun mutu a nan, bai dace a hau babur ana ɗaukar hoto ana wasa ba.

Ba shi kaɗai ne a tekun ba. Kwana biyu bayan nutsewarsa jiragen Jamus sun nutsar da Rosalie Moller, mai dakon kwal, a yankin, sai dai shi yana wajen mita 50, ya fi ƙarfin mai takardar mataki na biyu. A kudu kuma, daura da Port Sudan, gaɓar da kakanninmu masu zuwa hajji ta ƙasa suka sani, akwai Umbria na Italiya, wanda ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a watan Yunin 1940 domin kada Turawan Ingila su ƙwace bama-baman da ke cikinsa. Amma kai dai ka fara da na kusa. Ruwan arewacin Bahar Maliya yakan sauka zuwa wajen digiri 22 a lokacin sanyi, ya haura kusan 28 a tsakiyar shekara, don haka ka nemi rigar roba mai kauri idan tafiyarka ta faɗo a watannin hunturu. Gishirinsa kuma ya fi na yawancin tekuna, yana tura mutum sama fiye da ruwan daɗin da ka saba da shi, saboda haka a ranar farko ka bar malaminka ya auna maka dalmar da za ka ɗaura a ruwa marar zurfi, ka rubuta nauyin a littafinka.